Opera, rawar bale ko wasan kwaikwayo: wanne ya cancanci kuɗinka idan kana Landan?

Wanda karatu ko aiki ko ziyara ta kai shi Landan, idan ya ware dare ɗaya da 'yan kuɗi domin ya ga wasan dandamali da idonsa, ƙofofi uku ne a gabansa. Akwai opera, wasan da ake rera labarinsa da waƙa daga farko har ƙarshe. Akwai bale, inda rawa ce ke ba da labari, ba mai buɗe baki. Sai kuma wasan kwaikwayo na magana. Duka ukun kusa suke da juna, tafiyar ƙafa ce daga unguwar Covent Garden zuwa gaɓar kogin Thames, kuma duka ukun suna da tikiti mai tsada da mai araha. Inda gizo ke saƙar shi ne, tikiti mai araha ba abu ɗaya yake saya maka a wuraren uku ba. A wani wurin kujerar can ƙuryar sama riba ce, a wani wurin asarar kuɗi ce tsantsa.

Ma'aunan da za mu bi

Na farko kuɗi, amma haɗe da wurin zama, domin raba su yaudarar kai ce. Na biyu harshe: me kunnenka zai iya kamawa? Na uku lokaci, wato tsawon wasan da yadda zai yi karo da salla da jirgin ƙasan komawa gida. Na huɗu ɗorewa: in ka rasa shi bana, zai dawo baɗi? Na biyar kasada, wadda ta haɗa da canjin ɗan wasa a ranar da ka je, da kuma abin da zai sa ka sunkuyar da kai idan tare da wanda kake jin nauyinsa kuka je.

Opera

A Italiya aka haife ta, wajen shekarar 1600, a fadojin Florence da Mantua. A Landan babban gidanta shi ne Royal Opera House da ke Covent Garden, mai kujeru 2,256. Ginin da ke tsaye yanzu na 1858 ne, na uku a wurin, bayan gobara ta cinye biyun farko a 1808 da 1856.

Abin da ake biya a ji a nan shi ne muryar ɗan Adam ba makirufo. Makaɗa sittin zuwa ɗari suna zaune a wani rami gaban dandamali, da gogensu da ƙahonninsu da ganguna, mutum ɗaya ya buɗe baki ya rufe su duka, muryarsa ta isa kujera ta ƙarshe a bene na ƙoli. Wanda ya saba jin opera a waya bai ji ta ba tukuna. Lasifika tana daidaita komai ta mayar da shi abu ɗaya. A cikin zauren kuwa za ka ji lokacin da mawaƙiya ta ja numfashi, ka ji muryar ta siranta kamar za ta tsinke, mutum dubu biyu su yi tsit suna jira, sannan ta buɗe ta. Gani ya kori ji, in ji Bahaushe, amma a nan jin ne ya kori gani.

Wannan ne ya sa opera ta fi sauran biyun yi wa mai ƙaramin aljihu adalci, duk da ita ce ta fi tsada. Kujerun ƙasa masu kyau sukan haura fam 200 a manyan wasanni. Amma a benen ƙoli muryoyi da kiɗa sukan iso a gauraye da kyau, wani lokaci fiye da yadda suke isa ga wanda ya zauna dab da ramin makaɗa. Akwai wuraren tsayuwa da kujerun gefe da ake sayarwa da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Zauren a lanƙwashe yake, don haka na gefe ba ya ganin wani ɓangare na dandamali, amma a opera ba ka yi babbar asara ba, tunda mawaƙa ba yawan zirga-zirga suke yi ba.

Me ya sa take da tsada haka? Masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, sun bayyana dalilin tun 1966. Masana'anta tana iya sayen inji ta rage ma'aikata. Wasan da Verdi, mawallafin opera ɗan Italiya, ya rubuta a 1853 kuwa, yawan makaɗa da 'yan amshin da yake buƙata a wancan lokaci shi yake buƙata yau, alhali albashi kullum hawa yake. Ƙari a kan haka, babban mawaƙi ba ya rera babban matsayi dare biyu a jere, sai ya huta wa maƙogwaronsa. Shi ya sa wasa ɗaya ba a yin sa kullum, ana warwatsa 'yan kwanakinsa cikin makonni.

Harshe ba matsala ba ce kamar yadda ake zato. Yawanci da Italiyanci ko Jamusanci ko Faransanci ake rerawa, kuma galibin Turawan da ke zaune kusa da kai su ma ba ji suke yi ba. Akwai allo a saman dandamali da ke nuna fassara da Turanci, dabarar da aka fara a Toronto a 1983. Jimlolin gajeru ne, kuma mawaƙi yakan maimaita layi ɗaya sau da yawa, don haka ko mai matsakaicin Turanci zai bi. Akwai kuma English National Opera a gidan Coliseum kusa da dandalin Trafalgar, wadda al'adarta rerawa da Turanci ce, tikitinta ya fi sauƙi, har takan ba 'yan ƙasa da shekara 21 kyauta. Sai dai tun da aka taɓa tallafinta a 2022 take shirin mayar da mazauninta Manchester, wasanninta a Landan sun ragu.

Rauninta na gaskiya shi ne jan ƙafa. Labari yakan tsaya cik domin mutum ɗaya ya yi minti bakwai yana rera baƙin cikinsa. Wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya da na Kano, inda ake ajiye labari a yi waƙa sannan a ɗora, ba zai ga baƙon abu ba. Wanda yake tura waƙoƙin gaba idan yana kallo, to ya yi tunani sau biyu, domin a nan waƙar ce wasan. Labaran ma da yawa ba su da ƙarfi: soyayya, kishi, sai mutuwar jaruma a ƙarshe. Kuma da murya ake zaɓen ɗan wasa, ba da kama ba, don haka kana iya ganin ɗan shekara hamsin yana fitowa a matsayin saurayi. Tsawo kuwa daga awa biyu da rabi zuwa huɗu ne har da hutu. Na Wagner, mawallafin opera Bajamushe, sukan kai biyar, shi ya sa ake fara su tun da la'asar. Kada sabon shiga ya fara da Wagner, wannan shawara ce ta kyauta.

Ta fuskar ɗorewa ba ta da na biyu. Gidan opera yakan adana kayan wasa ya riƙa dawo da shi shekara da shekaru. Tsarin operar La bohème da darakta John Copley ya shirya a Covent Garden ya rayu daga 1974 har 2015. In ka rasa shahararren wasa bana, da wuya ya yi shekara uku bai dawo ba. Abin da ba ya dawowa shi ne mawaƙin. A nan kasadar take: ka sayi tikiti saboda sunan wata tauraruwa, mura ta kama ta da safe, wani jami'i ya fito gaban labule ya sanar da wadda za ta maye gurbinta, kuma ba a mayar da kuɗi saboda canjin ɗan wasa.

Rawar bale

Ita ma daga fadojin Italiya ta taso, amma a Faransa ta yi ƙarfi, inda Sarki Louis na 14 ya kafa mata makaranta a 1661, sannan Rasha ta ba ta shahararrun wasanninta: Swan Lake a Mosko a 1877, The Nutcracker a St Petersburg a 1892. A Landan ƙungiyar Royal Ballet tana raba dandamali ɗaya da makaɗa ɗaya da 'yan opera a Covent Garden. Akwai kuma English National Ballet, da gidan Sadler's Wells a Islington wanda ya fi karkata ga rawar zamani.

Babbar falalarta ita ce ba ruwanta da harshe. Wanda ya sauka jiya daga jirgi da wanda aka haifa a Landan daidai suke. Abin da ake buƙata kawai mutum ya karanta taƙaitaccen labarin kafin a kashe fitila, domin in ba haka ba zai ga ana ta nune-nune da hannu bai san dawar garin ba. Alamomin tsofaffi ne kuma ƙayyadaddu: hannu a ƙirji so ne, nuna yatsan zobe aure ne, dunƙule hannaye a gicciye su ƙasa mutuwa ce.

Wurin zama a nan shi ne komai. Bale abin ido ce, kuma kyawunta biyu ne. Akwai na mutum ɗaya, kamar juyi 32 a jere da jarumar Swan Lake take yi a kan ƙafa ɗaya. Akwai kuma na taro, 'yan mata sama da ashirin cikin fararen kaya suna tsara sahu, su watse, su sake haɗuwa kamar jiki ɗaya. Wannan na biyun daga ɗan sama ake ganinsa, kuma daga tsakiya. Kujerar gefe mai araha da ta yi maka rana a opera, a bale za ta cinye maka kusurwar dandamali guda, kuma daga wannan kusurwar ɗan rawa zai taso da tsallensa. Sahun gaba-gaba ma ba alheri ba ne: bakin dandamali yakan ɓoye ƙafafu, sannan ka riƙa jin ƙwas-ƙwas ɗin takalma a kan katako. Takalman nan da ake tsayawa a kan yatsu da su, bakinsu yadi ne da takarda da gam aka daskarar, kuma babbar 'yar rawa tana iya kashe guda a dare ɗaya. Daga kusa za ka ga gumi da haki. Daga tsakiyar bene za ka ga abin da aka so ka gani. Tikitin bale a Covent Garden gabaɗaya bai kai na opera ba, amma tunda kujerar ƙarshe ba ta da amfani sosai, abin da za ka kashe domin ka more yana iya fin wanda za ka kashe a opera.

Lokacinta ya fi daɗi, awa biyu zuwa uku, da hutu ɗaya ko biyu. Tana ɗorewa kamar opera. The Nutcracker kam duk Disamba sai an yi, tikitinsa kuma da wuri yake ƙarewa saboda iyaye da yara.

Rauninta biyu ne a wurina. Na ɗaya, labarin sirara ne, wani lokaci ya ƙare tun a tsakiya, sauran kuma bikin aure ne ake ta fitowa ana rawa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba motsin jiki da kiɗa ya zo gani ba zai fara duba agogo. Na biyu, tufafi. Maza cikin matsattsun wanduna, mata cikin guntun siket, ana ɗaga juna sama. Turawa ba sa ganin komai a ciki, amma kai ka san da wa za ka je. Da surukinka ko mahaifiyarka, ka duba hotunan wasan tukuna. Kasadar canjin ɗan wasa ma tana nan, har ta fi ta opera, domin sana'a ce ta targaɗe da karaya. Ana shiga makarantar Royal Ballet tun ana shekara 11, kuma kafin arba'in yawanci an ajiye. A ƙungiyar bale ta gidan Opera na Paris shekara 42 ce ƙa'idar ritaya. Sauƙin abin shi ne, ga sabon ido, wadda ta maye gurbin ma gwana ce.

Wasan kwaikwayo

Shi ne ya fi faɗi, kuma shi ya sa ya fi wuyar yi wa hukunci ɗaya. Akwai National Theatre a kudancin kogi, da zaurukansa uku: Olivier mai ɗaukar mutum sama da 1,100, Lyttelton mai kusan 900, da ƙaramin Dorfman. Akwai gidajen wasa na 'yan kasuwa a West End, unguwar gidajen wasa da ke tsakiyar Landan. Akwai Globe, wanda aka buɗe a 1997 bisa siffar gidan Shakespeare na 1599 da ya ƙone a 1613. Ban sa wasannin kiɗa da rawa na West End a wannan lissafi ba. Su da makirufo ake yi, kuma wani kiwo ne daban.

Ƙarfinsa shi ne yana magana da kai kan abin da ya dame ka yau. Opera da bale sun dogara ne kan 'yan tsofaffin ayyuka da ake ta juyawa, shi kuwa kullum ana rubuta sabo. A nan ne kuma za ka iya cin karo da labarin Afirka a babban dandamali: National Theatre ya yi wasan Wole Soyinka na Death and the King's Horseman a 2009. Idan wasa ya yi kyau, ba abin da ya kai shi kama zuciya, domin mutum ne a gabanka yana magana da muryar da ka san irinta.

To amma duk abin a kan harshe ya rataya. Ba fassara a allo, sai a wasu keɓaɓɓun ranaku da ake rubuta maganar domin masu matsalar ji, kuma waɗannan ranakun sun dace da baƙo ƙwarai. 'Yan wasa suna magana da sauri, da karin harshen Ireland ko Scotland ko arewacin Ingila, ana barkwancin da sai ɗan gari. Ba abin da ya kai zaure ya fashe da dariya kai kana zuru ciwo. Turancin Shakespeare kuwa ya shekara 400, 'yan ƙasar ma sai sun yi minti goma sha wani abu kafin kunnensu ya saba. Saboda haka kujerar nesa a nan ita ce mafi muni cikin ukun: ba ka ganin fuska, ba ka jin raɗa, ga tsofaffin gidajen West End da matsattsun kujeru da ginshiƙan da ke tare gani.

Globe ne ya karya wannan ƙa'ida. Tikitinsa mafi araha, fam 5 zuwa 10, shi ne na tsayuwa a filin da ke gaban dandamali, kusan mutum 700. In ka zo da wuri har gwiwar hannu za ka ɗora a bakin dandamalin, ɗan wasa ya dube ka ido cikin ido, wani lokaci ya ratsa ta cikinku. Sharaɗin shi ne tsayuwar kusan awa uku, ba a zama, ba rufi, ba a buɗe laima, kuma ko ana ruwa wasa ba ya tsayawa. Galibi daga bazararsu zuwa kaka ake yi a wannan fili. A sauran gidajen, akwai rumfar TKTS a dandalin Leicester mai sayar da tikitin ranar da rangwame, kuma kwanakin gwaji kafin buɗewa a hukumance sukan fi sauƙi. Idan kuwa tauraron fim ne ya fito, kujera mai kyau takan wuce fam 100 cikin ruwan sanyi.

Ɗorewarsa kaɗan ce. Yawancin wasanni makonni ne ko 'yan watanni, a tattara kaya, shi ke nan. The Mousetrap da ake yi tun 1952 togaciya ce, ba ƙa'ida ba. Kasadarsa kuma ita ce ta fi girma, domin sabon wasa ba wanda ya tace maka shi. Ashar da tsiraici ma a nan suka fi yawa, ko da yake wasu masu shirya opera na zamani su ma ba a bar su a baya ba. Gidajen sukan rubuta gargaɗi da ƙa'idar shekaru a shafin sayar da tikiti, a karanta.

| Ma'auni | Opera | Bale | Wasan kwaikwayo |
|---|---|---|---|
| Kujera mai kyau | Mafi tsada | Ƙasa da opera | Ya danganta da gida da tauraro |
| Kujera mai araha | Tana biya | Asara in ta gefe ce | Asara, ban da filin Globe |
| Harshe | Fassara a allo | Ba a buƙata | Sai Turanci mai ƙarfi |
| Tsawo | Awa 2 da rabi zuwa 5 | Awa 2 zuwa 3 | Awa 1 da rabi zuwa 3 |
| Dawowa | Sau da yawa | Sau da yawa | Da wuya |
| Babbar kasada | Gajiya, canjin mawaƙi | Tufafi, siririn labari | Rashin fahimta, wasa mara daɗi |

Abin da ya haɗa su duka: galibi ƙarfe 7 ko 7:30 na yamma ake farawa, kuma wanda ya makara ba a barinsa ya shiga sai an kai wani tsaiko ko hutun rabin lokaci. A Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe 4, ka yi Magariba da Isha ka fito hankali kwance. A Yuni kuwa sai bayan ƙarfe 9, wato kana tsakiyar wasa, don haka wasan rana na Asabar ya fi dacewa. Batun sutura, ba wanda zai tilasta maka kwat. Kaftani da hula sun wadatar, har sun fi.

Wanne ga wa?

Ɗalibin da fam 20 ce iyakarsa kuma ƙafafunsa na da ƙarfi, ya tafi Globe, bayan ya karanta labarin wasan a gida. In lokacin sanyi ne, ko tsohon Turancin Shakespeare bai yi masa ba, ya hau benen ƙoli na Covent Garden ya ji opera, gajera daga cikin na mawallafan Italiya Puccini ko Verdi.

Mai rakiyar baƙon da ba ya jin Turanci, bale ce, da sharaɗin a sayi kujerar tsakiya ko da an ƙara kuɗi, kuma baƙon ba wanda tufafin za su dama ba ne. Mai yara ma haka, musamman a Disamba, in ya yi sammakon sayen tikiti. Idan dattijo ne mai jin nauyi, opera a tsohon tsari ta fi aminci; hotunan da ke shafin gidan za su nuna maka ko tsarin na gargajiya ne ko na zamani.

Wanda ke rubutu ko shirya fim ko wasan daɓe, kuma abin da zai koya yake nema, National Theatre ne wurinsa, a kujera ta kusa, ko da sau ɗaya zai iya biya. A nan zai ga yadda ake sauya wuri da fitila kawai, da yadda ɗan wasa ke riƙe zaure da shiru. Wanda zai daɗe a garin kuwa ya fara da wasan kwaikwayon da ake yabo yanzu, domin shi ne zai wuce. Sauran biyun za su jira shi.

Wanda har yanzu yake wasi-wasi, akwai gwaji mai sauƙi. National Theatre tun 2009 yake haska wasanninsa a gidajen sinima, Covent Garden ma tana yin haka da opera da bale, a kuɗin da bai kai rabin kujera mai kyau ba. Muryar ba za ta zo maka kamar a zaure ba, amma za ka gane ko kana iya zaman awa uku kafin ka zuba fam ɗari.